Ranar da Baba ya shiga rabin jirgin da ba namu ba

Asuba ko gama yi ba ta yi ba muka bar unguwarmu ta Glenwood a birnin Greensboro, mu uku: ni da mahaifina da wata maƙwabciyarmu, Hajiya 'yar Damagaram, wadda 'yarta ta haihu a Lyon ta Faransa. Suna ya kai Hajiya. Baba kuwa, tsohon direban jirgin ƙasa ne daga Kafanchan, tunda ya zo Greensboro ganin jikoki ya ji labarin jirgin ƙasan Faransa mai gudun nan, ya hana ni sakat sai da na yanka mana tikiti.

Daga jirgin sama zuwa wani jirgin saman muka sauka Paris. Abin da ya fara ɗaure mini kai, birnin ba tashar jirgin ƙasa ɗaya gare shi ba. Kowace shiyya da tata: mai zuwa arewa daban, mai zuwa kudu daban. Hajiya ta ce da can kamfanoni ne barkatai, kowa ya gina tasa, daga baya gwamnati ta haɗe su wuri ɗaya. A tamu tashar, mutane sun yi cirko-cirko suna kallon allo, don ba a faɗin inda jirgi zai tsaya sai lokaci ya matso. Na sayi burodi mai tsawon sanda da kofi a ɗan kofin da bai fi kurɓi biyu ba, tsadarsa kuwa ta sa na daina zagin shagunan titin Elm Street na garinmu.

Lambar inda jirginmu zai tsaya na fitowa a allon, jama'a suka kwasa. Ashe jirage biyu ne aka haɗa hanci da hanci, kuma ba ƙofa tsakaninsu. Muna fama da akwatunan Hajiya masu kilishi da turaren wuta, Baba ya ce bari ya je ya gaisa da kan jirgi. Sai usur. Ƙofa ta rufe, Baba ba ya nan.

Wayarsa tana jakata. Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Hajiya, da yake tana jin Faransanci, ta tare mai duba tikiti, ya bayyana mata cewa rabin gaba in ya tsaya Lyon ba daɗewa zai yi ba, wani gari zai wuce. Ban ma san ko Baba ya shiga ba, ko yana can tsaye a Paris.

"Hajiya, me zan gaya wa Mama?"

"Zauna, 'yata. Mutumin nan zai kira ɗan'uwansa na gaba."

Na zauna a benen jirgin, don hawa biyu ne. Gonaki suna wucewa, motocin babban titi kamar an ɗaure su, ruwan kwalbata ko motsi bai yi ba. Ni dai idona na kan ƙofar tarago. Can mutumin ya dawo yana murmushi: an ga wani dattijo mai hula, yana lafiya, za a sauke shi.

A Lyon na ruga da gudu. Ga Baba tafe a hankali, wata tsohuwar Bafaranshiya tana ɗaga masa hannu ta taga. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya riga ni.

"Kin ji ƙarar ƙafar jirgin?"

"Wace ƙara, Baba?"

"To, shi ne. Babu. Sun narka ƙarfen layin ya zama ɗaya, ba mahaɗa. Na kasa kunne har muka iso." Ya ƙara da cewa, "Duk aikina gaba nake kallo, ko saniya ko jar fitila. Yau na fara zama gefen taga na ga ƙasa."

Na fasa faɗan. An yi suna lafiya, mun ci naman rago har da guzuri.

Mun dawo Greensboro ranar Asabar da yamma. Na koyi duba lambar tarago kafin in taka, na kuma gane ban taɓa tambayar Baba komai a kan aikinsa ba. Washegari bayan coci na zaunar da shi a baranda, na ce ya fara mini daga ranar farko. Shinkafar da na ɗora sai da ta ƙone.