Kanumfari a Battar Kaka

Kakata ta wajen uba ce ta riƙe ni a Badafi tun ina ƙarami, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin leɓenta na ƙasa a kwance ba. Kullum a ɗan tashe yake ta hagu, saboda garin taba da take cusawa tsakanin leɓe da dasashi. Tana da wata 'yar batta ta fata wadda ta yi baƙi don shan hannu, a ƙulle a bakin zaninta. Ta ce ciwon haƙori ne ya sa ta fara, tun tana goyon babana. Haƙorin ya faɗi tun kafin a haife ni, maganin kuwa bai tafi ba.

Wasan kaka da jika muke yi, mai zafi ma. Ita ta ce mini maigida, ni in ce mata uwargida sarautar mata marasa haƙori. Da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na kama acaɓa a Ƙafin Maiyaki, sai ta ce to, miji ya samu sana'a, a fara cefane. Cefanen nata ba nama ba ne, ba manja ba. Duk ranar kasuwa sai in biya wajen wani dattijo a bayan 'yan goro, in sayo busasshen ganyen taba da 'yar kanwa. Ita za ta daka da kanta a ƙaramin turmi, ta tankaɗe, ta cika batta. Kafin ta daka sai ta shinshina ganyen ta ce na sake sayo mai arha, Allah ya haɗa ta da marowacin miji. Bayan ta gama zagin sai ta sa mini albarka har ta gaji.

A unguwarmu wannan abin yabo ne. Tsofaffin mata har misali suke yi da ni idan suna yi wa jikokinsu faɗa, wai su dubi wane, ko ruwa ake yi ba ya mance tabar kakarsa.

A tashar babura na koyi sigari. Ta tsane shi kamar me. Ta ce hayaƙi ne ke ƙona ƙirji, kuma abin 'yan tasha ne. Da tari ya kama ni wata damina, ta zaunar da ni ta buɗe battarta, ta ce in dai taba nake so ga ta gargajiya nan, ba wuta ba hayaƙi, ta nuna mini yadda ake ɗiba da yatsa biyu. Na bar sigari na koma garin taba. Mutane suka yi ta yi mini barka, wai na shiryu. Ni ma haka na ɗauka. Ɗan karatun da na yi ya ishe ni karanta gargaɗin da ke jikin kwalin sigari, batta kuwa babu rubutu a jikinta.

Abin da na fara lura da shi abinci ne. Matar da ba ta cin tuwo sai an barbaɗa yaji ta daina taɓa miya. Kwaɗon zogale da take so ta ce ya fita ranta. Ta koma koko kawai, safe da yamma, har wuyanta ya zurma. Wata rana da hantsi na ba ta dariya, ta buɗe baki, sai na hango wani abu fari-fari da ja a tsakiya, daidai inda tabar take zama. Na ce ta nuna mini. Ta ce ɗan miki ne, ya kwana biyu, kuma tana sa masa magani. Na tambayi wane magani. Ta taɓa bakin zaninta.

Da ƙyar na ɗora ta a babur zuwa ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar da ke duba marasa lafiya ta haska bakin da tocila, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ta ko tana sa taba, kuma wa yake samo mata.

Kaka ta nuna ni, fuskarta cike da alfahari. "Ga shi nan, 'yata. Maigidana ne. Bai taɓa fashin kasuwa ɗaya ba."

Matar ta dube ni kawai, ta rubuta mana takardar zuwa Kano.

A can aka yanki ɗan naman wurin aka ce mu dawo. Da muka dawo likita ya ce ciwon daji ne, amma Allah ya sa bai yi nisa ba, za a iya yi mata aiki. Ya yi mana bayani da Hausa tsaf. Ya ce taba taba ce, ko an busa, ko an shaƙa, ko an cusa a leɓe. Akwai wani abu a cikinta da ake kira nikotin, shi ne ke ɗaure mutum ya kasa bari, sauran dafin kuma suna cin naman wurin a hankali. Ya ce ta riƙa cin ganye da 'ya'yan itace don jiki ya yi ƙarfi, amma kada mu ɗauka gwanda tana wanke taba. In ta koma wa battar bayan aiki, ciwon yana iya dawowa. Daga nan ya ce ni ma in buɗe nawa bakin.

Har yau abin da ke ci mini rai shi ne 'yan uwanmu masu digiri. Duk Sallah suna zuwa, suna ganin battar nan, har hoto suke ɗaukarta da waya tana cusa tabar suna dariya. Da aka yi aikin suka zo dubiya da lemon kwali, ɗaya ya ce ai wannan kowa ya sani. Ban san wane ne kowa ba. Ni dai ba a faɗa mini ba, kuma ni nake saye.

Aikin bai ba mu wahala kamar rabuwa da tabar ba. Na ɓoye battar. Ta yi ta ciwon kai, ta yi faɗa da kaji, ta yi faɗa da matata, hannunta kullum yana lalube a bakin zani. Ta aika wa maƙwabciyarta tsohuwa a asirce ta sam mata taba, aka zo aka gaya mini. Ranar kasuwa ta farko na dawo da gwanda da ayaba da ƙullin zogale, na ajiye a gabanta. Ta juya fuska bango.

"Uwargida, ga cefane."

"Kai wa akuya. In sakina za ka yi ka ba ni takardata, ba sai ka kashe ni da gwanda ba." Sannan muryarta ta sauka, babu wasa a ciki. "Ɗan nan, kwana nawa ya rage mini? Ɗiba ɗaya kawai."

Wallahi saura kaɗan in ba ta, domin akwai ƙulli a aljihuna. Ni ban bari ba, ina sawa a tasha in kurkure baki kafin in shigo gida. Ashe ta ji warin. Ta ce ita hancinta ba a yi masa aiki ba, mutum yana tafe da taba a aljihu yana yi wa tsohuwa wa'azi.

Na fito da ƙullin na kwance, na zazzage shi a kwata tana kallo, na bi shi da ruwan buta. Na ɗauko battarta na wanke, na cika ta da kanumfari, don na riga na tambayi likita ya ce in mikin ya warke ba laifi ta riƙa tsotsa. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai yaudarar aure ce. Amma ta ƙulle battar a bakin zaninta.

Daga ranar ta ɗora mini doka. Duk ranar kasuwa in na dawo sai na durƙusa a gabanta, ta kama leɓena ta ja ƙasa ta leƙa, kamar mai taya rago. Sau biyu ta kama ni. Na biyun ba ta zage ni ba, ta kwance battar ta miƙo mini, ta ce in je in cika mata da ta gaske tun da wasa muke. Ban sake ba.

Gwandar ma a hankali ta saba, har ta fara cewa na sayo marar zaƙi saboda rowa. Muna komawa Kano ana dubawa, wurin yana nan lafiya. Ta ƙara damina huɗu a duniya, zazzaɓi da tsufa suka ɗauke ta, mikin bai dawo ba. Kasuwar ƙarshe kafin ta rasu ba ta iya tashi zaune, idonta ma ya yi rauni. Na durƙusa kusa da gadon, ta lalubo haɓata ta ja leɓen, ta matso da hancinta ta shinshina. Ta ce to, ba laifi, ina cefanen.