Baba Hodi Gyartai da Goran Gulma

Da an idar da sallar asuba, Baba Hodi yakan shimfiɗa buzunsa a gindin durumi a bakin kasuwar Argungu, ya jera basilla da zaren rama, ya zauna jira. Gyartai ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinke ƙwarya da gora. Roba ta zo ta kwashe masa mutane, bai tashi ba. Yanzu hannu ya soma rawa, ya ce daga bana ya aje aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai abin da na gani da idona, kuma ni ce mai laifi a ciki.

Ni malamar tarihi ce a Birnin Kebbi. Bara aka sa ni cikin masu shirya baje kolin kayan tarihi da mu malamai muke yi a Argungu. Kayan duk na aro ne daga gidajen mutane. A ciki akwai wani babban goran su, irin wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya bi ruwa. Na wata tsohuwa ne a Gulma, ana ce mata Inno. Mijinta Zayyanu ya shiga gulbi da shi shekarar wata ambaliya, goran ya dawo, shi bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, don haka ba ta da kabarin da za ta nuna wa jikoki. Goran nan kaɗai ya rage mata.

Saura kwana biyar a buɗe, ya faɗo daga bayan mota, ya tsage tun daga wuya har gindi. Wallahi ina jin kunyar rubuta abin da na ce. Cewa na yi idon Inno ya tafi, a sayo wani a turara shi da hayaƙi, wa zai gane? Aka sayo, na ɗauki sabon goran na kai wa Baba Hodi ya tsufar mana da shi.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ture shi gefe.

"Ɗiyata, ido ta rasa, ba hannu ba. Je ki kawo min na gaskiyar."

Kwana huɗu yana kansa, yana huda a hankali don tsohon gora ba ya son gaggawa. Kusa da wuya akwai wani tsohon ɗinki a karkace, mummuna. Na ce ya haɗa da shi ya gyara.

"A'a. Wanga ba aikin gyartai ba na. Mai goran yay yi shi da hannunai. Ba ni taɓa shi." Ya ɗago kai ya dube ni. "Kuma ke za ki gaya mata ya fashe, da bakinki."

Ranar buɗewa Inno ta zo, 'yarta Adawiyya na riƙe da hannunta. Na durƙusa na gaya mata. Ta bi sabon ɗinkin da yatsa tun daga gindi, har ta kai ga karkataccen nan, ta tsaya.

"Ga shi nan," ta ce. "Ran da yay yi wanga, ni nar riƙe mai goran, ina yi mai dariya."

Na yi kuka a gaban ɗalibaina. Da ta shafa gora mai santsi fa?

Baba Hodi, ba ka cikin zauren ranar. Kana gindin durumi kana ɗinke ƙwaryar wata mai fura, sunanka ma bai shiga takardar taro ba. Kai ne ka hana mu raba tsohuwa da mijinta karo na biyu. Kai ne ka koya wa malamar tarihi cewa ba a gyara tarihi don ya yi kyau. Na gode, Baba. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da ke riƙe da amanar kayan mutane, ku yi koyi da shi. Na tambaye shi wa zai bar wa basillar, ya ce har yau ba wanda ya zo koyo. Yana nan har ƙarshen bana, kuma buzun nan yana ɗaukar mutum biyu.