Tukwanen da Ba Su Je Maradi Ba

Abubuwa da yawa na shekarun karatuna a Lyon sun shuɗe mini, amma ranar da Mama ta zazzage akwatinta a tsakar falon Alhaji, a Bobigny da ke gefen Paris, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Ubangiji.

Mama ba ita ta haife ni ba. Dattijuwa ce 'yar Maradi da ta ba ni ɗaki a gidanta na Bron, a gefen Lyon, lokacin da na zo jami'a. Mu Kirista masu jin Hausa ba mu da yawa a garin, sai falonta ya zama majami'armu ta yammacin Lahadi. Mu yi waƙa, mu yi addu'a, sannan ta cika mu da tuwo da miyar kuka har mu kasa tashi bin taram, jirgin cikin gari. Har yau in na ji ƙamshin daddawa a matakalar bene, kewar gidan nan ce ke kama ni.

Mace ce mai faɗa, kuma ta san da haka. In ta zazzage wani da masifa, sai ta dawo ta zauna tana huci, ta ce mini, "Ɗiyata, tsohuwar ce ta motsa." Tsohuwar nan ita ce halinta na dā, mai son kai da riƙo. Takan ce an nutsar da ita a ruwa ranar baftisma, amma 'yar banzar ta iya iyo. Mu yi ta dariya, a lokacin ban san da gaske take ba.

Da mijinta ya rasu a Maradi, danginsa sun kwashe komai na ɗakinta, har tukunyar da take girki da ita. Shi ya sa tun zuwanta Faransa, tana sharar ofisoshi, take tara kaya a ƙarƙashin gado: leshi, takalma, turare, da jerin tukwanen ƙarfe masu sheƙi, wata cikin wata. Ba ta taɓa ɗora ko ɗaya a wuta ba. Sai dai ta fito da su ta goge, ta ce, "Randa na sauka Maradi, a tsakar gidansu zan jera su. Sai sun gani."

Bayan shekaru masu yawa takardunta suka fito, ta sami damar zuwa gida. Na raka ta Paris a jirgin ƙasa, muka sauka gidan Alhaji, wani ɗan kasuwa mutumin garinsu da ke sauke duk mai tafiya. Wanda ya zauna a nan ya san dokar: in za ka gida, akwatinka ba naka kai kaɗai ba ne, kowa zai kawo saƙo. Mama kuwa ta riga ta shelanta cewa ba ta karɓar ko allura. Akwatunanta biyu sun kai iyakar nauyin da jirgi ya yarda, mun ɗora su a ma'auni har na gaji.

Da la'asar wata mata ta shigo daga Clichy-sous-Bois, rungume da kwali. Musulma ce, ba mu santa ba, Hajiyar gidan ce ta kira ta. Ta durƙusa ta yi doguwar gaisuwa, sannan ta ce babanta na kwance a Maradi, numfashi na gagararsa. Na'urar taimakon numfashi ce ta saya masa, ita kuma ba ta da takardun da za ta je ta dawo. In ta aika ta jirgin ruwa, ba ta san ko za ta tarar da shi ba.

"Fardon, ki yi haƙuri, Inna," ta ce, "in da hali."

Mama ta ɗaga kwalin, ta ji nauyinsa, ta dire. "Babu wuri, ɗiyata. Allah shi ba shi lahiya."

Matar ba ta yi roƙo ba. Ta ce ba komai, ta zauna gefe don Hajiya ta riga ta zuba mata shayi. Ni kam kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Mama ta tashi ta shige kicin, na bi ta da niyyar yi mata magana, sai na tsaya a bakin ƙofa. Tana tsaye ta dafa bango, tana faɗa da Ubangiji kamar yadda take faɗa da mu.

"Yesu, ka san abin da suka yi mini. Kana nan ranar da suka ɗauke tukunyata da sauran miya a ciki. Wannan ɗaya kaɗai na roƙa, shi ma sai ka karɓe?"

Da ta juyo, fuskarta jiƙe, ta harare ni. "Mi kike kallo? Tahi ki kawo mini ma'auni."

A gaban kowa ta zuge akwatin. Ta fara cire takalma, muka gwada, bai isa ba. Ta cire turare da leshi ɗaya, har yanzu da saura. Ina ganinta tana zagaye tukwanen, tana neman wani abin da za ta sadaukar a madadinsu. Daga ƙarshe ta sa hannu biyu ta ciro su gaba ɗaya, ta dangwarar a gabana da ƙarfi har murafen suka yi ƙara. Kwalin ya shige wurinsu daidai. Matar ta fashe da kuka tana sa albarka, Mama ta daka mata tsawa, "Bon, ya isa! Ki faɗa mini unguwarku kahin tsohuwar ta sake shawara."

Ni na koma Lyon da tukwanen a kan cinyata.

Na so in ce muku dangin mijin sun ji kunya ko sun nemi gafara, amma ba haka aka yi ba. Da ta dawo ta gaya mini sun ƙare mata kallo, wata ta ce ashe Faransar ma ba ta tsinana mata komai ba. Na tambaye ta ko ta ji zafi. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, har yanzu ina ji. Amma ni na kai na'urar da hannuna, na zauna har tsohon ya yi barci." Ya ƙara 'yan watanni a duniya kafin ya cika.

Lahadin da ta biyo, ta jawo babbar tukunyar ta ɗora a wuta, ta dafa mana miya. Gindin tukunyar ya yi baƙi, Mama ko a jikinta.

Mama ta rasu yanzu, falon Bron wasu ne a ciki, tukwanen kuwa suna kicin ɗina, duk sun ƙoƙe. A wurinta na koyi cewa sabon rai cikin Almasihu ba ya nufin son zuciya ya mutu an huta. Yana nan da ransa, ya kuma san abin da ka fi ƙauna. Kullum sai ka sake ce masa a'a, wani lokaci kana kuka. Duk sa'ad da tawa tsohuwar ta motsa, nakan ji ƙarar murafen nan a falon Alhaji, sai in sassauta hannuna.