Tsohon da ke Mayar da Kaɗanya Jabo

A tashar Kebbe, cikin masu jiran mota, akwai wani tsoho da Mannir ya kasa ɗauke ido daga kansa. Dogo ne siriri, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗu. Yana rungume da tsohon gwangwanin tumatir kamar mai riƙe da jariri, a ciki kuwa ɗan dashen kaɗanya ne. Ya kai buta baki zai sha, sai ya fasa, ya tsiyaye ruwan a gindin dashen.

Mannir malamin daji ne. A wurin aikinsu sukan ce kowace bishiya tana da mazauninta na asali, wato iyakar ƙasar da take tsirowa da kanta ba tare da an shuka ta ba. Ya kuma san mazaunin kaɗanya kullum kudu yake ja.

"Baba, ina za ka da ita?"

"Jabo, ɗana."

"Ai kaɗanya ba ta yi can yanzu."

"Ta yi dā," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Gindin wata babba uwata ka shanya ƙwarar kaɗe. Gida nika maishe ta."

Wataƙila ba wannan ne gwangwanin farko ba. Wataƙila bayan ɗakinsa akwai wasu jere, sun yi tsatsa, kowanne da busasshen tsinke a ciki.

Rana ta take. Tsohon ya tuɓe hularsa ya yi wa dashen inuwa, ya bar furfurarsa a fili. Mannir yana kallonsa, yana tunanin ko duk Jabo akwai sauran wanda ya taɓa zama a inuwar waccan kaɗanyar ta dā, ban da shi.