Ƙafar Keken Baba

A shekarar da na shiga aji shida, lokacin ɗibar tumatir, Baba ya daina dawowa gida a kan kekensa. Turo shi yake yi daga gona, ta bakin kanal, har ƙofar gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Idan Umma ta tambaye shi, sai ya ce ƙafar baya ce ke rawa, in an gama ɗiba zai kai gyara.

Kakarmu Iya, mahaifiyarsa, idanunta sun yi yana, amma kunnenta ba ya kuskure. Marigayi kakanmu mai gyaran keke ne a kasuwar Bunkure, ta kuma ɗauki sana'ar da kunne tun tana amarya. Baba ɗanta ne na fari, don haka tana kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayarsa lafiya. In dole ta kama, sai ta ce “mai keken nan”.

Bayan an kwashe tuwo mukan kewaye murhu, ta zuba ɓuntun shinkafa a kan garwashi don ya daɗe. Wani maraice Baba ya shigo da turi, ya jingine keken a zaure. Iya ta karkata kai tana sauraro har ƙafar ta tsaya. Sai ta buɗe tatsuniya irin tata, ta ce, “Ga wata nan tana gangarowa.”

Muka ce, “Ta gangaro mu tare ta.”

Ta juyo inda nake karatu ta ce, “Ke Malama, rufe littafin nan. Wannan ba ta cikinsa.”

Ta ba mu labarin wani manomi da kekensa ke kuka duk inda ya bi. Ya kai wa mai gyara na farko, ya ɗaure masa wayoyi, kuka bai daina ba. Na biyu ya cika masa giris, kuka bai daina ba. Sai ya kai wa wani tsoho a ƙarƙashin tsamiya. Tsohon ya kifar da keken, ƙafafu sama. Ya kama gargaren ya girgiza shi hagu da dama, don in ya yi ƙwas-ƙwas, to notin tsakiya ne ya saki. Bai motsa ba. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce kamar mai garaya, don wadda ta saki muryarta a dushe take. Duk suka amsa da murya ɗaya. Ya juya ƙafar ya kara kunne, don boris in ya bushe ko ya fashe, sai ka ji kamar ana niƙan yashi. Ta yi ta juyawa shiru. Sai tsohon ya tashi ya kara kunnensa a ƙirjin manomin, ya ce, “Bawan Allah, a nan kukan yake.”

Ƙanena Sani ya fashe da dariya. “Iya, ƙarya kike! Mutum yana da boris ne?”

“Ja'iri, kai ma da ka cika surutu notinka ne ya kwance.”

Na tambaya a hankali ko manomin ya warke. Ta daɗe tana tona garwashi kafin ta ce, “Tsohon dai ya faɗa. Ni iyakar abin da na sani ke nan. Tatsuniya ta faɗa kanal, ruwa ya tafi da ita.”

Ni yarinya ce da ba ta barin abu sai ta gwada. Washegari, kafin Baba ya dawo daga masallaci, na kifar da keken da ƙyar. Na girgiza gargaren, bai motsa ba. Na kaɗa wayoyin, har na ɗaura zare a ta farko don kada in tsallake ko ɗaya. Na juya ƙafar na kara kunne. Babu yashi, babu ƙwas. Ina cikin haka sai na ga inuwarsa a kaina.

“Baba, ai lafiyarta ƙalau.”

Ya tsuguna, na ji numfashinsa yana fita da ƙyar, alhali daga masallacin bayan gida kawai ya zo. Ya ce, “Hadiza, tumatir ba ya jiran kowa. Sati biyu ya rage. In na kwanta yanzu, a gona zai ruɓe. Kada ki tayar wa mutane da hankali, kin ji?”

Na ce to.

Da maraice Iya ta jawo hannuna, ta shinshina yatsuna. “Ƙawata, warin giris nake ji. Me ƙafar ta ce miki?”

Baba yana tsakar gida yana alwala. Na sunkuyar da kai na ce, “Tana rawa kaɗan, Iya.”

Ta saki hannuna. Ba ta yi tatsuniya ba a ranar.

Kwana tara bayan haka aka shigo da Baba a kan babur, wani ya riƙe shi ta baya. A tsakanin kwanduna ya faɗi. Bai kai asibitin Kura ba, a hanya rai ya yi halinsa. Maƙwabcin gonarmu ne ya hau keken ya kawo mana shi da la'asar, keken ko ƙis bai yi ba.

Sai da na girma na gane cewa Iya ba ta buƙaci in duba mata komai ba. Tun ranar farko ta ji ƙafar tana juyawa lafiya a zaure, ta kuma ji numfashin mai turo ta. Kunya ce ta hana ta ta ce wa ɗanta na fari, “Zo in ji ƙirjinka.” Sai ta ɗauki maganar ta sa a tatsuniya, ta miƙa wa wadda ta san ba za ta tsallake waya ko ɗaya ba. Na yi duk abin da tsohon ya yi, ban da faɗa.

Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har ta rasu. Keken yana zaurenmu, tayoyinsa sun tsage. Duk zuwan da zan yi gida nakan juya ƙafar bayan in saurara, har yau kuma ba ta rawa.