Ranar da Burtalin Baffa Ya Rasa Mai Mara Baya

Na yi kansila sau ɗaya, kuma ko a mafarki ba na fatan in sake. Ni malamin Islamiyya ne, ɗan malamin allo. Mutanen unguwa ne suka tura ni takara wai suna son mai tsoron Allah. Jam'iyyarmu ta kwashe dukkan kujerun majalisar ƙaramar hukuma, a can yankinmu na Batsari da Safana. Da na ga babu ɗan adawa ko ɗaya, sai na ɗauka aiki zai yi sauƙi.

Ban daɗe ba na gane majalisa biyu gare mu. Ta gaskiya tana zama da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gidan ciyaman ɗin jam'iyya, mutumin da ba wanda ya zaɓe shi. A nan ake yanke komai. Ta biyun tana sakatariya, inda muke shiga da manyan riguna, a ɗauko sandar majalisa a gaban kakaki, mu dinga kiran juna "mai girma" da Turancin da rabinmu ba ma ji. Ƙato da gemunsa zai miƙe ya yi ta kumfar baki a kan maganar da shi kansa ya san an gama ta tun safe. Abin yana ba ni dariya da farko, daga baya ya koma ba ni ƙyama.

Akwai wani ardo, aminin mahaifina, da nake kira Baffa. 'Ya'yansa duk a zaurenmu suka yi allo. Rugarsa tana bayan garinmu tun kakanninsa, kuma burtali ɗaya ne ke kai shanunsa mashaya. Kowace shekara masu gonakin gefe sai sun ɗan ci burtalin da garma, har ya tsuke, saniya biyu ba sa jerawa. A da idan dabba ta yi ɓarna, gaban dagaci ake zuwa a sasanta. Yanzu kuwa, da halin da dajinmu ke ciki, saniya ɗaya ta faɗa gona sai a ce 'yan bindiga ne suka turo ta, kuma rugar ce za ta ƙone.

Ya same ni cikin bazara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗan Malam, abu guda nika so. A kafa turakun siminti gefe da gefe kamin a yi shuka. In ba a yi ba, ba ni iya kwana da damina a nan. Ga iyayena kwance a wurin nan, ina za ni?"

Na kai maganar gindin darbejiya. Ciyaman ya saurare ni yana sakace, sannan ya ce, "Malam, magana ce mai kyau. Amma akwatin rugar nan ba mu ya ba ƙuri'a ba. A bar ta tukuna." Sauran kansiloli suka gyaɗa kai tare.

Ban bar ta ba. Na karanta dokokin majalisa, na ga kowane kansila yana da damar kawo ƙudiri, muddin wani zai tashi ya mara masa baya. Mutum ɗaya kawai nake buƙata. Na je wurin wani kansila da ya yi sauka a hannun mahaifina, wanda ya sha nonon rugar nan har ya gaji. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Malam, ai ko barci nike ka tashe ni." Na sa akawu ya shigar da ƙudirin cikin ayyukan zama. Na kuma ɗauko Baffa a babur, na zaunar da shi a bencin baƙi, don ya ga an yi masa aiki.

Da aka zo kaina na miƙe na yi bayani da Hausa, dalla-dalla, saboda Baffa. Na zauna. Kakaki ya tambaya da Turanci ko akwai mai mara baya. Zauren ya yi tsit. Na dubi mutumina, sai na ga ya sunkuyar da kai yana shafa waya da babban yatsa, kamar an aiko masa da labarin rasuwa. Wani yana gyara hula. Shugaban masu rinjaye yana kallon fankar da ba ta juyawa. Kakaki ya ɗan jira, ya yi gunaguninsa na Turanci, ya buga gudumarsa a tebur. Ƙudiri ya faɗi ba tare da an tattauna shi ba, kuma a dokarmu ba a sake kawo shi sai a zango na gaba, wato bayan damina.

To a wurin su Baffa, idan aka kawo magana gaban manya aka faɗe ta sarai, kowa ya yi shiru, to an yarda ke nan. Mai ƙi shi ke magana. Haka ake yi a ruga, haka ake yi a fadar dagaci, haka ya sani duk tsawon rayuwarsa. Sai kawai na ga dattijo ya miƙe, ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannu biyu. "Allah shi saka muku da alheri," ya ce. "Allah shi jiƙan iyayenku. Ko mutum guda bai musa ba." Mai tsaron ƙofa ya rugo yana cewa baƙo ba ya magana a zaure.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan an tashi. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana bin su ɗaya-ɗaya da godiya, su kuma suna karɓa. "Ba komai, Ardo, ai aikinmu ne." Wanda ya yi mini alkawari har da riƙe hannunsa da hannu biyu yana rusunawa. Babu mai kunyar da zai ce masa, dattijo, ba fa haka ba ne. Suka kaɗa riguna suka hau baburansu, suka bar ni da shi.

Sai da muka fita gari na tsayar da babur a inuwar wata tsamiya na faɗa masa cewa ƙudirin ya faɗi. 

"Wa ya ƙi?" ya ce.

"Ba wanda ya ƙi, Baffa."

"To mi ya kashe ta?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin mara baya da zango da dokar zama. Ina magana ina jin kunyar abin da ke fita daga bakina. Ya ce in da wani ya ƙi, da ya je gidansa ya roƙe shi, ko ya kai masa manya. Ya tambaye ni gidan wa zai je, ni kuma ban da sunan da zan ba shi.

Ruwan farko na sauka aka shuka gero har tsakiyar burtali. Kafin ya kai gwiwa, Baffa ya ɗaure kaya a kan jakuna, ya kaɗa shanunsa ya yi kudu da iyalinsa. Ya biyo ta zaurenmu ya yi wa mahaifina sallama, su biyun suna hawaye. Ni ban iya haɗa ido da shi ba.

Bayan kaka, da zaɓe ya matso, ciyaman ya ga ana buƙatar ƙuri'un sauran rugage. Shugaban masu rinjaye ya kawo ƙudirin burtali, kusan kalma da kalma irin nawa. Kafin ya rufe baki mutane suna rige-rigen miƙewa, kuma wanda ya riga kowa shi ne mai shafa waya. Aka amince, aka tafa. An kafa turakun, an shafa musu fenti, suna nan reras daga mashaya har zuwa kufan rugar Baffa.