Baba Iro Mai Anini Bai Cuci Kowa Ba

Sun kashe Baba Iro.

Da safen nan ina gida a Badarawa, kofin koko a hannuna, Ɗanjuma tela ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. "Garba, bar abin da kake yi ka taho, an sassare Baba Iro." Kafin in sami mashin ya sake kira. Baba ya cika a hanyar asibiti.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai akwatin gilashi a layinmu na masu agogo da tsofaffin kaya a Kawo. Tsofaffin kuɗi yake saye yana sayarwa. Anini, kwabo mai huji, sisi, sule, dalar azurfa. Teburi ɗaya muke kasa kaya ni da shi.

Na je na ga wurin da idona. Gilashi a farfashe, hularsa a cikin kwata, jini tun daga teburi har bakin titi. Ɗanjuma ya ce Baba yana cikin shimfiɗa kaya suka dira a kansa, mutum ɗaya da Ɗanjuman ya gane da wasu 'yan shara, 'yan daban nan masu yawo da adda. Gora aka fara maka wa akwatin. Da ya ɗaga hannu ya kare fuska, sai adda. Yatsun nan da yake juya kwabo da su kamar yana taɓa ƙwai, su aka fara sara. Sannan kafaɗa, sannan wuya.

Kuɗin suka watse a ƙasa. Ku ji abin kunya: mutum na kwance yana shure-shure, wasu na durƙushe suna tsintar anini suna cusawa a aljihu. Wani kuma ya ɗaga waya yana bidiyo.

Bidiyon yanzu yana yawo. A ƙarƙashinsa na ga ana rubuta, "Allah ya ƙara, ya cinye wa talaka dukiya." Matarsa da 'ya'yansa suna gani. Gawarsa ko wanka ba a gama yi mata ba, an riga an liƙa masa sunan macuci.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ni ɗan kasuwa ne, a cikinta na yi wayo, in an yi cuta tun daga nesa nake jin warinta. A wannan cinikin babu ita, kuma a gabana aka yi.

Wani magidanci daga Rigasa, ba zan kama suna ba tunda magana ta je hannun hukuma, ya kawo masa kwabo mai huji da ya samu a gwangwanin kakarsa. Baƙi ƙirin, ya sha shekaru. Baba Iro ya sa gilashin dubawa, ya nuna masa wani ɗan mitsitsin harafi a jiki, ya ce irin wannan ba su da yawa. Ya buɗe littafin farashi da masu wannan sana'a suke dubawa, ya juya masa shafin ya gani, ya biya shi abin da littafin ya ce. Mutumin ya tafi yana godiya har da "Allah ya ƙara buɗi, Baba."

Baba Iro ya ɗora 'yar ribarsa ya sayar wa wani dillali a Legas. Ni na kai saƙon tasha na ba direba. Daga nan kwabo ya bar hannunsa.

Can bayan watanni sai ga hoto yana zagaya guruf-guruf a wayoyi. Kwabon ya ƙetare ruwa, an sa shi a gwanjon Turawa, irin wanda ake tayi ana ƙara wa juna, ya tashi a kuɗin da ya ninka na littafi ninkin da ba ya faɗuwa.

Ni kaina da na gani sai da na ce, "Baba, an yi mana wayo."

Ya yi dariya. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kullum cikin tsiya muke. Ya ce, "Kai Bazazzagi, kanku dai a tukunyar doya yake. Littafi labarin jiya yake ba ka, abin da wani ya taɓa biya. Gwanjo kuma mutane ne. Ka haɗa attajirai biyu, kowanne ya yi shekaru yana tara jeri, gurbi ɗaya ya rage masa, ga abin a gabansu kuma ba su san ranar da za su sake ganin irinsa ba. Wannan ya ɗaga hannu, wancan ya ɗaga. Daga wani wuri ba kwabon suke saye ba, kowa so yake kada ɗayan ya samu. Da ranar ɗayansu zazzaɓi ya kwantar da shi, ko kuɗin littafin da ƙyar zai kai."

Na ce, "To ba ka ji haushi ba?"

Ya ce, "Na ci rabona. Miƙo min goro."

Haka yake. Lokacin da aka rushe mana rumfuna na rasa wurin kasa kaya, shi ya matsar da akwatinsa ya ba ni rabin teburi, bai taɓa goranta min ba. Na sha gani tsohuwa ta kawo dalar azurfa za ta sayar don asibiti, ya ce, "Iya, maƙeran azurfa za su fi ni biya, mu je in raka ki kar su danne miki sikeli." Ya bar teburi ya tafi. In na ce masa wannan ai asara ce, sai ya ce in kula da agogunana.

Ganina da shi na ƙarshe shekaranjiya ne.

Mutumin Rigasa ya dawo, ido jawur, hoton nan a wayarsa. Ashe kwabon biyu ne a gwangwanin, iri ɗaya. Ya ciro na biyun daga cikin hankici, yana ƙyalli kamar sabon cokali. Yadda matanmu suke wanke tukunya haka ya yi masa, toka da lemon tsami da soson ƙarfe. A tunaninsa in baƙi ya yi wancan kuɗin, mai sheƙi sai ya fi.

Ya dangwara shi a kan gilashi. "Na farko ka cuce ni, na bar ka da Allah. Wannan kuɗin gwanjo za ka ba ni."

Baba Iro ya sa gilashi ya daɗe yana kallo. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka wanke? Baƙin nan shi suke biya. Shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Ka kankare fuskar, ɗan harafin ma ka cinye shi da soso. Yanzu ko kuɗin littafi ba zai yi ba."

"Ƙarya kake, tsohon banza! So kake ka karɓa a arha ka tura wa iyayen gidanka!"

"Ba na so ko kyauta. Kai wa duk wanda ka yarda da shi ya duba."

Na shiga tsakani, na ja Baba gefe. Na ce, "Baba, dubi idon mutumin nan. Ka ce masa za ka tura a gwada, ka ja shi wata biyu, ya huce. Kowa haka yake yi."

Ya ce, "In sa masa rai a kan abin da na san ya mutu? Ya je ya yi wa iyalinsa alƙawari a kaina? Garba, wannan dabararku ce ta 'yan agogo."

Mutumin ya ɗauki kwabonsa, ya nuna Baba da yatsa, ya ce za su haɗu. Muka ɗauka zafin kasuwa ne, irin wanda muke ji kullum. Da zan tafi Baba ya ce in taho masa da batirin agogo. Yana aljihuna yanzu haka.

To jama'a, ku faɗa min inda cutar take. A ina ya ɓoye dukiyar? A gidan hayarsa na Hayin Banki da rufi ke yoyo? Wanda ya yi miliyoyi a gwanjo ne zai fito da sassafe a kan tsohon keke yana shimfiɗa anini a rana?

Ku da kuka yanke masa hukunci daga hoto ɗaya, ku da kuka tura hoton kuna ƙara gishiri har ya isa kunnen mai adda, ku ji tsoron Allah. Ku da kuka tsinci kuɗinsa a cikin jininsa, mun san fuskokinku, bidiyon da kuke yaɗawa ya ɗauke ku. Ku mayar wa marayu kayansu.

Za a yi masa sallah bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ba na so a ɗauki makararsa da wannan suna a kansa. Duk wanda ya taɓa ciniki da Baba Iro, ya rubuta abin da ya sani a ƙasan nan, ba sai ya ƙara komai ba. 'Ya'yansa su karanta. Ni na fara: na zauna da shi teburi ɗaya shekara da shekaru, ban taɓa ganin ya danne haƙƙin kowa ba, kuma zan maimaita haka a gaban Allah.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ibrahim. Ka sa zafin addar nan ya zama kankarar zunubansa, ka yalwata masa kabari, ka tsaya wa iyalinsa. Waɗanda suka zubar da jininsa ka tona su ɗaya bayan ɗaya, ka hana su sukuni har a yi masa sakayya.

Don Allah kar ka wuce ba ka yi masa addu'a ba. In kuma kana cikin masu cewa Allah ya ƙara, koma ka goge kafin la'asar.